Kulɓa da abincinta

Darasin sanin halittu

1. Wace ce kulɓa?

Kulɓa ƙaramar dabba ce mai jan ciki. Danginsu ɗaya da kadangare, da tsaka, da damo, da hawainiya. Ana ganinta a gindin darni, da cikin garka, da ƙarƙashin rumbu, da wurin da aka tara karan hatsi ko duwatsu. Jikinta dogo ne, yana da santsi, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Fatarta tana da ƙananan ɓawo a jere, irin na kifi. Wuyanta gajere ne, ƙafafunta huɗu ƙanana ne. In tana gudu cikin ciyawa takan lanƙwasa jiki dama da hagu. Shi ya sa wasu ke ɗaukarta maciji.

Amma akwai bambanci. Kulɓar da ake gani a gida tana da ƙafafu. Tana da fatar ido, tana ƙiftawa. Tana da ramin kunne a kowane gefen kai. Maciji ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A duniya akwai irin kulɓa fiye da 1.500. A ƙasar Nijar da maƙwabtanta ana yawan ganin iri biyu kusa da gidaje da gonaki. Ɗaya tana da zane biyar masu haske daga kai zuwa baya. Ƴaƴanta da matan suna da wutsiya shuɗiya. Tsawonta ya kai wajen santimeta 20. Ɗayar ta fi girma da kauri, gefen cikinta yana da ja-ja, tsawonta yakan wuce santimeta 30.

2. Me kulɓa take ci?

Babban abincin kulɓa shi ne ƙwari. Tana cin gara, da fara, da gyare, da kyankyaso, da tururuwa, da ƙuda, da ƙananan buzuzu. Tana cin tsutsar da ke cin ganyen wake da na shu. Tana cin gizo-gizo. In ƙasa ta jiƙe, takan samu tana da ƙananan dodon koɗi. Babbar kulɓa takan haɗiye ɗan ƙaramin kadangare in ta same shi. Wani lokaci kuma takan lashi ɗan itacen da ya nuna ya faɗo ƙasa.

Kulɓa ba ta da zaɓe sosai. Duk ƙaramin abin da ya motsa a gabanta, in dai zai shiga bakinta, abinci ne. Girman kanta shi ke nuna girman abin da za ta iya ci. Ƴar ƙaramar kulɓa da ta fito daga ƙwai tana fara cin gara da ƙananan tsutsotsi. Ba uwarta ke ciyar da ita ba, ita ke nema da kanta tun ranar farko. In ta girma sai ta koma kama manyan fara da gyare.

Dabbar da ƙwari ne babban abincinta ana kiranta mai cin ƙwari. Kulɓa, da tsaka, da hawainiya, da kwaɗo duk masu cin ƙwari ne.

Yaya aka san abin da take ci? Akwai hanya mai sauƙi. Kashin kulɓa ɗan dunƙule ne baƙi, da ɗan fari a ƙarshensa. In ya bushe aka farfasa shi da tsinke, ana ganin guntayen fiffike, da ƙafafun fara, da kawunan gara. Waɗannan sassan ƙwari suna da tauri, cikinta ba ya narkar da su duka. Ɗan farin da ke ƙarshe kuwa shi ne fitsarinta. Ba ta fitsari mai ruwa irin na akuya. Da haka take tattalin ruwan jikinta a ƙasa mai zafi.

3. Yadda take farauta

Kowace dabba da dabararta ta neman abinci. Kadangare yakan hau bango ko dutse ya tsaya yana kallo. In ya hango ƙwaro sai ya sauko da gudu. Hawainiya takan tsaya kan reshe, ta harba dogon harshenta. Tsaka tana jiran dare, ta je kusa da fitila inda ƙwari ke taruwa. Kulɓa kuwa mai yawo ce. Tana tafiya kaɗan, ta tsaya, ta leƙa ƙarƙashin ganye, ta cusa kai cikin tsagar bango, ta ƙara gaba.

Abubuwa biyu ke taimakonta. Na farko ido. Idonta yana saurin ganin motsi. Farar da ta tsaya cik tana iya tsira, amma da ta motsa, kulɓa ta gan ta. Na biyu harshe. Tana fiddo harshenta ta mayar, ta fiddo ta mayar. Harshen yana ɗauko ƙanshin abubuwa daga ƙasa da iska, ya kai shi wasu ƴan ramuka biyu da ke ganɗarta, wato rufin bakinta. Da wannan take gane inda tsutsa ta ɓuya, ko da idonta bai gan ta ba.

In ta kusanci abin da take so, sai ta yi wuf ta cafke shi da baki. Haƙoranta ƙanana ne, a jere, kusan duk girmansu ɗaya. Aikinsu riƙewa da murƙushewa. In farar babba ce tana shure-shure, kulɓa takan girgiza kai da ƙarfi, ta buga ta da ƙasa ko dutse har ta daina motsi. Sau da yawa ƙafafun farar sukan cire a wurin. Sannan ta juya ta cikin baki, ta haɗiye ta. Ba ta tsayawa dogon tauna kamar akuya ko tunkiya. Bayan ta gama takan lashe baki, ko ta goga shi a ƙasa.

Ruwa fa? Yawancin ruwan da take bukata yana cikin ƙwarin da take ci. Da safe takan lashi raɓa a kan ganye. A gida kuma ana ganinta kusa da randa, tana lasar ruwan da ya ɗiga.

4. Zafin rana da cin abinci

Jikin mutum yana da ɗumi kullum, ko da ɗari ko da zafi. Haka na ɓera da na kaza. Abincin da suke ci shi ke ba su wannan ɗumi. Jikin kulɓa ba haka yake ba. Zafin jikinta yana bin zafin wurin da take. In gari ya yi sanyi, jikinta ya yi sanyi, ba ta iya gudu, cikinta ma ba ya narkar da abinci da kyau.

Saboda haka ba ta fara farauta da asuba. In rana ta fito takan kwanta kan dutse ko gungume ta sha hantsi. In jikinta ya ɗumama sai ta shiga nema. Da tsakar rana, lokacin da ƙasa ke ƙona ƙafa, takan koma inuwa ko rami. Da la'asar ta sake fitowa. Dare ya yi, ta shige maɓoyarta.

Wannan hali yana da amfani a gare ta. Tun da rana ke ɗumama ta, ba ta bukatar abinci mai yawa. Ɓeran da nauyinsu ɗaya da ita yana bukatar abinci wajen ninki goma na nata. Ɓera ba ya jure yunwa. Kulɓa kuwa tana iya yin kwanaki da yawa ba ta ci kome ba.

5. Damina da rani

Damina ita ce lokacin ƙoshi. Da an yi ruwan farko, shinge, wato gara mai fiffike, takan fito daga suri da yawa. Kulɓa, da kadangare, da kwaɗo, da tsuntsaye duk sukan taru su ci. Ciyawa ta fito, fara da tsutsa su yawaita. A wannan lokaci kulɓa tana ci fiye da bukatar yini ɗaya. Abin da ya ragu jikinta yana maida shi kitse, ya ajiye a cikin ciki da wutsiya.

In ɗari ya shigo, iska mai ƙura tana kaɗawa, ƙwari sukan ragu. Kulɓa ta rage fitowa. Da rani ma abinci kaɗan ne, sai a garka da bakin rijiya inda akwai danshi. A nan ne kitsen da ta tara yake yi mata rana. Wutsiyarta kamar rumbu ce: a cika da kaka, a ci da rani.

Wutsiyar tana da wani aiki kuma. In shaho ko kyanwa ta kama ta ta wutsiya, wutsiyar takan tsinke. Guntun ya faɗi yana mutsu-mutsu, maƙiyin ya tsaya kansa, kulɓa ta tsere. Shuɗin wutsiyar ƴaƴan ma yana jan idon maƙiyi zuwa can, nesa da kai. Daga baya wata wutsiya takan tsiro, amma ba ta kai ta farko kyau. Kulɓar da ta rasa wutsiya ta tsira da rai, sai dai ta yi asarar ajiyarta. Yaron da ya tsinke wutsiyar kulɓa don wasa kamar ya ƙone mata rumbu ne.

6. Kifin rairayi

A arewa, cikin rairayin Sahara, akwai wata irin kulɓa da ake kira kifin rairayi. Ba kifi ba ce, kulɓa ce. Bakinta yana da tsini kamar bakin hauya. Yatsunta suna da faɗi. Jikinta yana da santsi ƙwarai. In ta ji tsoro, ko zafi ya yi yawa, takan nutse cikin rairayi nan take. A shekarar 2009 masu bincike a Amurka sun ɗauki hotonta da na'urar da ke gani cikin abubuwa. Sun ga cewa a cikin rairayin takan manne ƙafafu a jiki, ta riƙa lanƙwasa kamar kifi a ruwa.

Abincinta ƙwarin hamada ne, irin buzuzu da tsutsotsinsu. Tana kwance ƙarƙashin rairayi, in ƙwaro ya bi ta sama, tana jin motsin sawunsa ta cikin rairayin. Sai ta ɓullo kusa da shi ta kama.

7. Kulɓa a wasu ƙasashe

Abincin dabba yana bin wurin zamanta. A Ostiraliya akwai wata babbar kulɓa mai shuɗin harshe. Tsawonta yakan kai rabin mita. Ba ta da sauri, don haka tana cin abin da ba ya gudu: dodon koɗi, da furanni, da ƴaƴan itace, da ƙwari masu tafiyar hawainiya. Haƙoranta na baya suna da faɗi, suna fasa ƙoƙon dodon koɗi. Dabbar da ke cin nama da tsiro duka ana kiranta mai cin kome.

A tsibiran Salomon, cikin tekun Pasifik, akwai kulɓar da ta fi duk sauran girma. Tsawonta yakan kai wajen santimeta 80. A kan itace take zama, tana riƙe reshe da wutsiyarta. Abincinta ganye ne, da furanni, da ƴaƴan itace. Ita mai cin tsiro ce.

A tsibiran Kap-Ber, yamma da Senegal, a dā akwai wata babbar kulɓa da ke cin tsiro. Babu irinta a ko'ina a duniya sai can. Mutane suka yi ta kama ta don nama da kitse. Dabbobin da aka kai tsibiran suka dame ta, fari kuma ya rage mata abinci. A cikin ƙarni na 20 ta ƙare ƙaƙaf. Yau sai dai gawarta da aka adana a gidajen tarihi. Dabbar da ta ƙare ba ta dawowa.

8. Sarƙar abinci

Kulɓa tana ci, ita ma ana cinta. Shaho, da shirwa, da balbela, da cilakowa suna kama ta. Maciji, da damo, da tunku, da kyanwa suna farautarta. Kaji ma suna tsattsage ƴaƴanta. Ga yadda abin yake tafiya:

ganyen gero → fara → kulɓa → shaho

Wannan jeri shi ake kira sarƙar abinci. Kowace halitta a ciki ta dogara da wadda ke bayanta. In zobe ɗaya ya tsinke, sauran sukan ji a jikinsu. In aka kashe masu cin ƙwari a garka, ƙwarin sun rasa maƙiyi. In ƙwari suka ƙare, masu cinsu sun rasa abinci.

An ga haka a tsibirin Madagaskar. A ƙarshen shekarun 1990 fara ta mamaye ƙasar, aka fesa magani a wurare masu faɗi. Maganin ya kashe fara, ya kuma kashe gara da yawa. Binciken da aka wallafa a shekarar 2003 ya nuna cewa a inda gara ta ragu, wata irin kulɓa da wani irin kadangare su ma sun ragu, don abincinsu ya yi ƙaranci.

Kulɓa ba za ta iya tare farar ɗango ba. In irin wannan fara ta zo kamar hadari, kamar yadda ta zo Nijar a shekarar 2004, sai ma'aikatan kare tsiro sun tashi da kayan aikinsu. Amma akwai magani da magani. A shekarun 1990 an gwada wani a gabashin Nijar mai suna Green Muscle. Daga wata irin funfuna aka yi shi, wadda ke kama fara da danginta, ta bar sauran halittu. Aikin kulɓa kuwa na kullum ne. Kowace safiya tana rage ƙwarin garka da na gindin rumbu, ba a biya ta ko dala.

9. Shin kulɓa tana da dafi?

Mutane da yawa suna cewa kulɓa tana da dafi. Saboda wannan magana yara kan jefe ta da duwatsu, ko su harbe ta da danƙo. Masana sun duba bakinta da haƙoranta. Ba ta da jakar dafi, ba ta da haƙoran zuba dafi irin na kububuwa ko gamsheƙa. In ta ga mutum gudu take. Sai an kama ta an matse take cizo, cizon kuma ba ya wuce ɗan tabo. In haka ta faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu.

Duk da haka akwai abin kiyayewa. Kashin kulɓa, kamar na kadangare da na kaza, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa zawo. Don haka a rufe abinci, a rufe randa. Wanda ya taɓa ta ko kashinta ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Kada kuma a sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse don neman ta. Inda kulɓa ke ɓuya, maciji da kunama ma suna ɓuya.

A riƙe wannan

Kulɓa dabba ce mai jan ciki, mai cin ƙwari. Tana farauta da rana, da ido da harshe. Tana tara kitse a ciki da wutsiya don lokacin rani. Ba ta da dafi. Tana taimakon manomi da mai garka. Ba a kashe ta, ba a tsinke mata wutsiya.

Kalmomi: Hausa da Faransanci

kulɓa: le scinque
kadangare: le margouillat
tsaka: le gecko
gara: le termite
fara: le criquet
gyare: le grillon
kyankyaso: le cafard
gizo-gizo: l'araignée
raɓa: la rosée
dafi: le venin
mai cin ƙwari: insectivore
mai cin tsiro: herbivore
mai cin kome: omnivore
sarƙar abinci: la chaîne alimentaire

Tambayoyi

1. Ku faɗi abubuwa uku da suka bambanta kulɓa da maciji.
2. Ku lissafa ƙwari biyar da kulɓa take ci.
3. Wane aiki harshen kulɓa yake yi wajen farauta?
4. Don me ba ta fita farauta da asuba?
5. Me kulɓa take asara in wutsiyarta ta tsinke?
6. Yaya kifin rairayi yake gane ƙwaro yana kusa?
7. Me ya sa kulɓa ta ragu a wasu wurare na Madagaskar?

Ku cika gurbi

Kulɓa tana shan ……… da safe don jikinta ya ɗumama.
Da damina tana tara ……… a cikin wutsiyarta.
Kulɓar tsibiran Salomon mai cin ……… ce.

Lissafi

A ce kulɓa ɗaya tana cin ƙwari 8 a yini. A garkar makaranta akwai kulɓa 6. Ƙwari nawa za su ci a yini ɗaya? Nawa za su ci cikin kwana 30?

Aiki a waje

Ku kasu ƙungiya-ƙungiya. Da hantsi, kowace ƙungiya ta zauna nesa kaɗan da darni ko tarin duwatsu, ba hayaniya. In kulɓa ta fito, ku kalle ta na minti 10, kada ku taɓa ta. Ku rubuta launinta, da wurin da ta fito, da abin da ta kama, da sau nawa ta fiddo harshe. A cikin aji, kowace ƙungiya ta karanta abin da ta gani. Sannan ku zana sarƙar abinci ɗaya da ke da kulɓa a ciki, ku rubuta sunayen halittun da Hausa da Faransanci.

Aiki a gida

Ku tambayi iyayenku da kakanninku abin da ake faɗi game da kulɓa a garinku. Ku rubuta magana biyu. Gobe za a gwada su da abin da aka koya a wannan darasi.